Ranar da Ammu Gharib Ya Tsallaka da Ni Gada

A garinmu ba a tambayar mutum kulob ɗin da yake so, sai dai a tambaye shi gefen kogin da aka yanke masa cibiya. Gabas da Nilu na Masunta ne, masu koriyar riga. Yamma na Kamfani ne, kulob ɗin masaƙar yadi, masu rawaya. Gada ɗaya ce tsakani. Ana tsallaka ta a je asibiti, ana tsallakawa a ɗauko amarya, amma ɗan ƙwallo bai taɓa tsallakawa da takalman wasansa ba. Ni Ragab ne na fara, kuma ba jarumtata ba ce. Ammu Gharib ne ya ja ni.

Ammu Gharib ɗan mai gyaran koma ne. Ya buga wa Masunta ƙwallo a matsayin ɗan baya har gwiwarsa ta ce ta gaji, daga nan ya zama mai nemo musu yara. Wani tsohon keke gare shi mai kukan tsiya, aljihunsa kullum cike da soyayyun 'ya'yan kankana. Duk filin makaranta, duk lungun da yara suka aje duwatsu biyu suka ce raga ce, za ka gan shi a gefe yana ɓarza yana tofar da ɓawo. Bakinsa kuwa, Allah ya kiyaye. Ranar da ya fara ganina ina tsaron raga an yi min ruwan ƙwallaye, ya yafito ni.

"Kai, ɗan wa?"

"Ɗan Abdul-Zahir mai kwalekwale."

"Hannuwa ne da kai ko cokula? Amma na ga ba ka yi kuka ba, 'yan bayanka kake zagi. Gola ke nan. Ce wa babanka ya ɗora shayi gobe."

Masunta ba sa sayen ɗan wasa, rainonsa suke yi. Wanda ya gano yaro shi zai je gidansu, ya sha shayi da uban, ya karɓe shi hannu da hannu. Ranar da kulob ya gama da shi kuwa, ko ya yi gemu, ba koci ne zai gaya masa ba, ba shugaba ba. Wanda ya ɗauko shi ne zai zo ya rataya takalman yaron a wuyansa, ya taka da shi a ƙasa har ƙofar ubansa, ya ce, "Ga amanarka." In mutanen gabas suka ga Ammu Gharib yana tura keke maimakon hawa, da saurayi a gefensa, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Su Kamfani dariya suke wa wannan. Su kasuwa suka sani. Duk ƙarshen kakar wasa manajansu, Kyaftin Sobhi, zai hau jirgin ƙasa ya yi Alƙahira, ya yi kudu, ya dawo da ƙartin da wasu suka riga suka sha wahalar gyarawa. A ba ka ɗaki a gidajen ma'aikata, ka ci abinci a kantin masaƙa. Ka yi kaka ɗaya ba ka taɓuka komai ba, a bugo maka waya a ce ka kawo makulli. Mu mukan ce musu otal, su kuma su ce mana gidan marayu. Tsakani da Allah kowa na da abin faɗa. Su ba wanda ya san ƙofar gidan abokin wasansa, mu kuma sai mu riƙe wanda ƙafarsa ta mutu don kunyar ubansa.

Ina da shekara ashirin da biyar aka gama da ni. Wani gola ya taso a bayana, dogo, hannu kamar faranti. Na fito daga atisaye da hantsi na ga Ammu Gharib a bakin ƙofa riƙe da keke, na gane abin da ya kawo shi. Matata na da tsohon ciki. Babana ya sayar da kwalekwalen tun da ciwon ƙirji ya kama shi. Ni kuma ban iya komai ba a duniyar nan sai faɗawa kan ƙwallo, kuma wanda Masunta suka mayar gida ya gama wasa ke nan, don ba mu san dillali ba, dillali bai san mu ba.

Na ce, "Ammu, sabon golan ya fi ni ne?"

"Ya fi ka. Ni na kawo shi, ƙarya zan yi maka? Miƙo takalman."

Muka kama hanya. Masu shaguna suna ganinmu suna kawar da kai. Da muka iso kasuwar kifi, inda ake karyawa hagu zuwa gidanmu, sai ya karya dama.

"Ammu, gidanmu ta nan ne."

"Na san gidanku tun kana fitsarin kwance. Rufe min baki ka biyo ni."

Sai da tayar keken ta hau gada na gane. Wani mai kifi ya ɗaga murya, "Gharib! Makuwa ka yi?" Ko waiwaye bai yi ba. Ni dai na bi bayansa.

Shi da Kyaftin Sobhi tun suna samari ba sa ga maciji. Sobhi ɗan gaba ne a zamaninsa, kuma har yau ƙwabrinsa na ɗauke da tabon Ammu Gharib. Da muka shiga ofis ya sauke tabarau ya ƙare mana kallo.

"A'a! Lafiya, Gharib? Kogi ne ya ƙafe?"

"Golanka na kama ƙwallo kamar mai kama sabulu. Ga gola na kawo maka."

"Ragowarku za ka kawo min? Ni ba na ɗaukar kayan gabas."

"Wanda muka riƙe ya fi shi. Shi kuma ya fi naka nesa ba kusa ba. Gwada shi ka gani."

Sobhi ya mayar da tabarau. Can ya ce, "Ka san abin da mutanenka za su yi maka?"

"Na sani." Ya cire takalman daga wuyansa ya aje a kan tebur. "Matarsa ta kusa haihuwa. Roƙonka nake yi, Kyaftin."

Wallahi tun da nake ban taɓa jin Ammu Gharib ya roƙi kowa ko ashana ba. Kunya da tausayinsa suka rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Aka gwada ni, aka ɗauke ni.

Kafin la'asar labari ya gama gabas. Masunta suka sallame shi, suka hana shi shiga filinsu. A gidan shayin da ya tsufa yana zama, mai kawo shayi ya koma wuce shi kamar bango. Wasu marasa kunya suka watsa wa ƙofarsa fenti rawaya. Ya koma bakin ruwa yana gyaran koma kamar ubansa. In na je gaishe shi sai ya ce, "Tafi, ɗan otal, kada ka ƙara min." Amma ranar sunan 'yata ya aiko matarsa, Ummu Huda, da tiren kifi.

Ƙarshen kaka ta gaba muka haɗu da Masunta a wasan ƙarshe. In suka ci za su hau babban rukuni, abin da gabas ke jira tun kafin a haife ni. Ana dab da tashi ba wanda ya zura, alƙalin wasa ya ba su fenariti. Mai bugawar tare muka taso, na san inda ƙafarsa ke so. Ba zan ɓoye ba, tunani ya zo min: in ta shiga, gabas za ta yi biki, wataƙila cikin murna su yafe wa tsoho. Ya buga. Jikina bai yi shawara da ni ba, na tashi na kaɗe ta. Gefen masu koriyar riga ya yi tsit kamar an yi mutuwa.

Washegari da safe na tsallaka gada. Abin da na ji a hanya ba zai faɗu ba. Ummu Huda ta buɗe min ƙofa ta nuna min ciki da haɓa. Yana zaune a tabarma, rediyo a gefensa a kashe, idanunsa jawur.

Na durƙusa. "Ammu, ka yafe min."

"Me ka yi?"

"Da na bari ta shiga, da yanzu sun mayar da kai."

Ban ga lokacin da ya cire silifa ba, sai ji na yi a kafaɗa. "Ɗan banza! Da ka bari ta shiga, da ni da kai har abada! Gola na kai musu ko mayaudari?" Sai muryarsa ta karye. Wannan tsoho da duk gari ke tsoron bakinsa ya fashe da kuka a gabana. "Tun ina saurayi nake jiran jiya. Ka kashe ni, Ragab, ka kashe ni. Allah ya yi maka albarka."

Ni ma na kasa riƙewa. Ummu Huda ta leƙo ta ce in mun gama mu wanke fuska, wake na hucewa.

Masunta ba su sake kiransa ba har ya rasu, shi kuma bai daina son su ba ko na rana ɗaya. Ni na tsare ragar Kamfani har furfura ta fara fito min. Da ita na yi jinyar babana, da ita na sa 'ya'yana makaranta. Duk sallar da na idar, in na yi wa iyayena addu'a, sunansa ne ke biye. Allah ya ji ƙan Ammu Gharib.