Ƙahon da Aka Kawo Mini Daga Pitowa

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara ƙera wuƙaƙe a bayan gidanmu a Garwa ba, na yi wa wani abokina mahauci wuƙa. Ni ba ɗan gidan maƙera ba ne. Sana'ata sayar da kayan gyaran moto, ƙira kuwa sha'awa ce ta ranar Lahadi. Tsohon sifirin na mota, wato faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyinta, nake samowa a gareji, in yanka, in gasa a gawayi, in buga, in goge da magagari har hannuna ya yi kanta, sannan in tsoma shi a baƙin mai ya yi tauri. Ba na sayarwa. Wanda raina ya kwanta da shi nake ba.

Waɗanda suka daɗe suna karanta ni a nan sun san ni da waswasi. Nakan kulle shago, in kai bakin titi, in dawo in ja kwaɗon. Karatuna bai wuce firamare ba, na allo ma kaɗan ne, shi ya sa duk abin da ban sani ba nake ɗaukar mafi muninsa in riƙe.

Wuƙar nan ta ci mini Lahadi biyar. Da na zo kan ƙota sai na tuna da wani ƙahon saniya da ƙanen matata ya kawo mini daga Pitowa, inda yake noman auduga. Baƙi ne mai jirwayen fari. Na tsaga shi, na gasa har ya yi laushi, na matse tsakanin katako biyu ya miƙe, na kafa shi da ƙusoshin tagulla uku. Kube kuwa da fatar Maruwa na ɗinka. Ranar da na kai masa, abokina ya gwada ta a gashin hannunsa, ya ga ta aske.

Ya ce, "Ashe dai ba a banza kake hana maƙwabta barcin rana ba, sarkin maƙeran Lahadi."

Daga ranar da ita yake yanka a mayanka, da ita kuma yake aiki a teburinsa na bakin kasuwar unguwarmu.

Bayan kamar wata biyu ƙanen matata ya zo gari. Muna cin abinci na nuna masa hoton wuƙar a waya. Ya yi murna, ya ce, "Yaya, ka ga ikon Allah. Saniyar da ta mutu a bakin rafi, ungulaye suka cinye, ga ƙahonta ya zama abin ado."

Na tambaye shi ko an samu yanka ta kafin ta cika. Ya ce ina, sai bayan kwana uku aka gan ta. Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni kuwa na tsame hannuna daga kwanon.

Na taɓa jin ana cewa ƙahon mushe ba shi da tsarki. Daga nan kaina ya kama aiki. Hannun abokina a jiƙe yake riƙe ƙotar, da hannun yake taɓa nama. Naman ya shiga gidajen unguwa, ya shiga tukunyar suna da ta biki, ya shiga cikina ni ma. Kwana biyu ina jin kamar ni na ciyar da rabin Garwa najasa. Na so in je wurinsa, amma na kasa shirya yadda zan fara. Sai na ce bari in fara sanin hukunci tukuna.

Bayan la'asar na tsaya wurin limaminmu a ƙofar masallaci. Akwai mutum bakwai ko takwas a kan tabarma. Ban jira sun watse ba, don abin yana ci na. Kuma saboda tsoron kada in rage wani abu a ba ni amsar da ba tawa ba, sai na zayyana komai: saniyar, rafin, ƙahon, da mahaucin, har da wurin da teburinsa yake.

Liman ya saurara ya ce, "Malam, ƙarfe ne yake yanka, ba ƙota ba. Yankansa ya halatta. Nama kuma wa yake dafa shi bai wanke ba? Ƙahon dai ka cire, ka sa itace. Je ka ci abincinka."

Na tashi sakayau. Na ce ranar Lahadi zan karɓo wuƙar in canza ƙotar, in ba shi labari muna dariya.

Ba a kai Lahadin ba. Ranar Alhamis matata ta dawo daga kasuwa da kifi. Na ce yau ba nama? Ta rage murya.

"Maigida, ba ka ji ba? Wai abokin nan naka mushe yake sayarwa. Har gaban liman aka kai maganar. Ka ga mutum kamar na kirki."

Na tambaye ta wa ya kai. Ta ce ba a faɗa ba, amma an ce na jikinsa ne, wanda ya san cikinsa.

Na saka takalmi na fita. Ƙarfe sha ɗaya ne, lokacin da yakan kusa sayar da rabi. Na same shi zaune, nama a rataye kusan yadda ya zo da shi daga mayanka, da hatimin likitan dabbobi a jiki, yana korar ƙuda da tsumma. Na gaya masa komai a tsaye. Bai katse ni ba. Da na gama ya zaro wuƙar daga kube, ya juya ƙotar yana kallo.

Ya ce, "Daga gidanka zuwa masallaci, ta ina kake bi?"

Na ce ta ƙofar gidansa.

"Ka wuce ƙofata ka kai ni gaban jama'a."

Na ce ba nufina ke nan ba, tsoron Allah ne ya sa.

Ya ce, "Na sani. Da mugu ne kai da na san yadda zan yi da kai. Shekara ashirin ina kan teburin nan, mahaifina ma a nan ya tsufa. Jiya sarkin fawa ya kira ni yana tambayata a ina nake samo dabba. Ni."

Ya ajiye wuƙar a gefen tebur, bai miƙo mini a hannu ba. Na ɗauka.

Washegari Juma'a. Na roƙi liman ya ba ni dama bayan la'asar a wurin da na yi ɓarnar, na kuma je na roƙi sarkin fawa ya zo. Ni da ko a taron suna ba na iya buɗe baki, na tsaya na ce ƙahon nawa ne, ƙirar tawa ce, mutumin nan bai san komai ba, bai kuma taɓa sayar da abin da ba a yanka ba. Na fito da guduma da ƙusa, na fitar da tagullar nan uku a gabansu, ƙahon ya rabu biyu ya faɗi. Liman ya maimaita abin da ya gaya mini. Wani dattijo ya ce, "Yanzu duk a kan wannan ɗan guntun ne muka kwana uku muna cin wake?" Aka yi dariya. Abokina yana can baya, bai yi ba.

Gyara ba ya gudu kamar ɓarna. Mutanen masallaci sun ji, amma maganar farko ta riga ta shiga cikin gidaje da ba zan iya bi ɗaya ɗaya ba. Matata ta ɗauki nata rabon, ta yi ta yawo wurin maƙwabta tana warwarewa, bayan ta gama da ni a gida. Masu saye suka dawo sannu a hankali, cikin wata guda ko fiye. Ba duka ba. Akwai wata mai sayar da abinci a tashar motocin Lagdo da take ɗaukar cinya guda kullum a wurinsa. Na je na same ta da kaina. Ta ce ta yarda da ni, amma masu cin abincinta ba su san ni ba. Ba ta dawo ba.

Na yi wa wuƙar sabuwar ƙota da itacen kirya, wanda na sare da hannuna don kada in sake tambayar kowa asalinsa. Na kai masa. Ya karɓa ya ce an gode.

Yau muna nan lafiya da shi. Yana zuwa shagona ya sha shayi, ya zolaye ni, ya ci gyaɗata. Waswasin bai bar ni ba, ba na jin zai bar ni. Abin da na koya ƙarami ne: idan damuwata ta shafi wani mutum, ƙofarsa nake fara bugawa, in kuma zan tambayi malam sai tabarma ta watse. A lokacin ina ganin kaina mai tsantseni. Daga baya na lura cewa neman hukuncin ya fi mini sauƙi ne kawai a kan kallon fuskar abokina, kuma abin da na jawo masa ya fi wanda nake gudu nauyi nesa.

Wuƙar tana nan rataye a jikin ginshiƙin rumfarsa. Da ita yake yanke igiya da leda. Bai ƙara sa ta a wuyan dabba ba, ni kuma ban taɓa tambayarsa dalili ba.