Ruwan da Ke Tafiya Ya Dawo

Shekararsa biyu da wata huɗu ranar da na sauke shi daga bayana a kan wancan tsibiri, kuma bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba. Ko rarrafen kirki ba ya yi, jan gindi yake. Ɗan fari ne, don haka ko a takarda ba zan faɗi sunansa ba. Yaron nake ce masa tun yana goye, yanzu da yake da jikoki ma ban sake ba.

Shi ne ya raba ni da Matankari. Mijina aikin likita yake yi a zamanin Faransawa, allura da ɗaurin ciwo. Ina da ciki wata bakwai aka tura shi wani ɗan tsibiri a gaban Konakiri, na haihu a bayansa. Da yaro ya wuce yaye bai miƙe ba, sai magana ta fara yawo a gida. Aka ce kansa ya cika girma. Aka ce wane irin yaro ne wannan da ba ya kuka in ana masa wanka, sai dariya. Wan uban mijina, wanda shi ne babban gidan, ya kira ni zaure ya ce an duba, an ga iskokin ruwa sun yi musanya. In tabki ya cika da damina za a kai yaron baki, a ajiye shi da ƙwaryar gumba da ƙwai, kowa ya juya baya ya tafi. In mutum ne, a dawo a tarar da shi. In ba mutum ba ne, ya koma wurin danginsa.

Ban yi musu ba, don ba a musu a wannan zaure. Amma na san yaron da ke son ruwa, in aka bar shi shi kaɗai a bakin tabki, ba sai ya zama iska ba kafin ya shiga. Na ce, "Baba, ku bari ubanai shi gan shi tukuna."

Ya ce, "Ki tahi. Amma ki komo kahin shibka."

Tafiyar ta ci kusan wata guda. Wani tsohon soja ɗan Dogon Dutsi da matarsa ne suka riƙe ni: kamyo, babbar motar kaya, har Gaya, muka haye kogi, muka ƙara tafiyar mota, jirgin ƙasa har Kwatano, sai jirgin ruwa inda na yi amai har na ji babu sauran hanji a cikina. Yaron kuwa ko a jikinsa. Daga Konakiri kwalekwale ya kai mu tsibirin. Garin duka bai kai unguwarmu ba: layi ɗaya na gidaje, masallaci ƙarami, coci ƙarami, itatuwan kwakwa, da hayaƙin ƙyafar kifi da ke shiga har cikin zanen mutum.

Mijina ya kwantar da yaron a kan teburin aikinsa, ya lanƙwasa gwiwa, ya matsa ƙwauri, ya ja yatsu. Ya ce, "Ƙashinai lahiya lau, ƙarhi na babu. A ba shi man kihi, shi sha rana. Ina rubuta ma Baba takarda."

Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma ya yarda da takarda fiye da kima. Takarda ba ta tsayawa a ƙofar ɗaki ta hana a ɗauki yaro. Kuma na san shi, ba zai taɓa ce wa wan ubansa a'a baki da baki ba. Izinin zamana wata biyu ne. Na ƙudura a raina yaron nan da ƙafarsa zai shiga zauren nan, ko ni kada na shiga.

A wajenmu, yaron da ya yi nauyin ƙafa akan kai shi fadama a binne ƙafafunsa cikin rairayi mai damshi, ya yi ta motsi har su yi ƙwari. Rairayi kuwa ga shi nan ya kewaye mu. Sai na goya shi na fita neman wurin da ya dace. Bakin ruwan da ke gaban gari bai yi ba: igiyoyin masunta, ƙayar kifi, fasassun kwalabe, ga maza tsirara rabi suna jan raga suna kallon Bahausa da lulluɓi. Washegari na haura tudu na gangara ɗaya gefen. Can rairayin fari ne tas, amma ruwan yana tasowa sama da tsayin mutum ya faɗo da ƙara, ya ja duk abin da ya samu. Na tsaya daga nesa na ce wa ruwan ni da kai sai kallo. Kwana uku ina yawo, ƙafata ta tsage a kan baƙaƙen duwatsu, mutanen gari suna nuna ni da baki.

Rana ta huɗu na bi wasu mata masu kwanduna ta wata ƴar hanya cikin kurmi. Ta ɓulle da mu a wani lungu da duwatsu suka rungume ta hagu da dama. Rairayi shimfiɗe, mai laushi, mai damshi daidai yadda nake so. Ruwan yana can nesa, nisan gidanmu da rijiya, kwance lamo ba ya ko motsi. Matan suka bazu cikin duwatsu suna ɓamɓarar katantanwa. Na haƙa rami, na tsayar da yaron, na mayar da rairayi har ƙugunsa, na daddanna da kyau don kada ya zare. Na ba shi guntun rogo. Na koma gindin kwakwa na ba shi baya, saboda in yana ganina ba zai motsa ƙafar ba, hannu zai yi ta miƙo mini. Na ɗauko faifan da nake saƙa.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Ni ruwan da na sani tabki ne. Inda ka bar shi da safe nan za ka same shi da marece, kuma kafin ya ja baya taki ɗaya sai an yi kwanaki. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai ruwan da ke tafiya ya dawo a yini guda.

Muryar wata tsohuwa cikin matan ce ta sa na waiwaya. Ruwa ya cinye filin nan duka, ya wuce yaron, yana lasar ƙirjinsa. Ban san yadda na isa ba. Na kama hammatarsa na ja, rairayi ya riƙe shi gam. Na haƙa, ruwa ya mayar. Na sake haƙawa, ya sake mayarwa. Tsohuwar ta iso ta ture ni gefe, ta cusa hannayenta biyu ta bi ƙafafunsa har tafin, tana girgiza su a hankali ruwa na shiga, sai ga shi ya zaro. Ta miƙo mini shi, ta wanke ni tas da harshensu na Susu. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane duka, kuma na cancanta.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne yaron dariya yake yi. Yana dukan ruwa da tafi yana ƙyalƙyata. Maganar zaure ta faɗo mini a rai. Na ɗan lokaci kaɗan ni ma na yi shakkar ɗan da na haifa, kuma wannan ban taɓa yafe wa kaina ba.

Da mijina ya tashi aiki na tare shi tun daga ƙofa. "Don mi ba ka hwaɗa mini ruwan garin ga tahiya shikai shi komo ba?"

Ya ce, "Ai kowa ya san wanga."

"Kowa ban da mutumin Arewa. Kai da kaz zo, da saninka kaz zo?"

Ya ce dai kada na sake zuwa wurin. Na ce to. Da safe yana fita na goya yaron na koma.

Wannan karon ban sauke shi ba. Na karyo ƴan itace na kakkafa a jere daga gindin kwakwa zuwa bakin ruwa, na zauna ina kallon wanda zai fara nutsewa. Haka na yi kwanaki. Na gane sau biyu yake zuwa tsakanin safiya da safiya, kuma kullum yana makara kaɗan: in yau ya janye da hantsi, bayan kwana huɗu sai kusan azahar. Tsohuwar tana ganina. Ranar farko ta yi tsaki, ta biyu ta kawar da kai, ta biyar ta zo ta tsuguna kusa da ni ta nuna sama inda wata ke fitowa, ta haɗa yatsu ta yi da'ira, ta buɗe hannu sosai. Na fahimta: in wata ya cika, ruwan ya fi tafiya nesa, ya fi dawowa da ƙarfi.

Ita ce kuma ta hana ni binne shi. Ta kwance shi daga bayana ba ko sallama, ta shiga da shi ruwa lokacin da ya fara janyewa, ta tsayar da shi jikin wani dutse mai santsi da ya kai masa ƙirji, ta ɗora hannuwansa a kai, ta saki. Na yunƙura, ta harare ni. Yaron ya tsaya. Ruwa ya ɗauke masa nauyin jikinsa, ƙafafun nan sirara suna rawa amma suna ƙasa. Na rufe fuska da gefen lulluɓi na yi kuka, ita kuwa ta koma ga katantanwarta.

Sai dai tsayuwar ruwa ba ita Baba zai gani ba. Ina fito da shi tudu sai ya zube. Na yi tunani na ce, tunda ruwan nan da kansa yake janyewa, bari ya yi mini aiki. Kullum sai na jinkirta kaɗan kafin na tsayar da shi a jikin dutsen. Mako na farko ruwa a ƙirji. Na biyu a cibiya. Sannan cinya. Shi hankalinsa na kan ƴan ƙaguwoyin da ke gudu a kan dutsen, bai san ana zare masa abin da ke tallafe da shi ba. Wata rana ya yi zazzaɓi muka rasa kwana huɗu, na yi ta lissafin ranar jirgi kamar zan haukace. Man kifin nan mai ƙarni kuwa ina ɗura masa safe da yamma, yana tofarwa ina mayarwa.

Saura kwana tara mu tashi, na tsayar da shi ruwa a gwiwa. Na zauna a rairayi na zura hannuwana ƙarƙashin cinyata don kada su kai masa agaji. Ruwa ya sauka ƙwauri, ya sauka idon sawu, ya bar shi tsaye a kan rairayi tsura. Ya duba ƙasa ya ga abokin wasansa na tafiya ya bar shi. Ya ɓata fuska. Ya saki dutsen, ya miƙa hannu biyu, ya bi shi. Taku huɗu na ƙirga kafin ya kifa. Ya ja gindi ya koma dutsen, ya kama, ya miƙe, ya sake bi. Ba wurina ya nufa ba, teku ya nufa, kuma na bar shi.

Mun isa Matankari hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na sauke shi a ƙofar zaure. Ya shiga yana tangaɗi, ƙafa a gwame, har ya dafa gwiwar Baba. Tsohon ya daɗe yana dubansa.

"Mi anka yi mishi?"

"Man kihi na, Baba, na likita."

"Bai kusanci ruwan can ba?"

Na ce, "Ruwan can gishiri gare shi, Baba. Ko wanki ba a yi da shi."

Ya gyaɗa kai, aka kawo mana ruwan sha, maganar tabki ta mutu. Amma na san in ido ɗaya ya ga yaron nan ya nufi ruwa yana dariya, za ta tashi. Da damina ta sauka tabki ya cika, ƙofar gidanmu kuwa tana kallonsa. Duk safiya sai na yagi bakin tsohon zane, na ɗaure ƙafarsa a jikin turmi. Yana ja yana kuka yana nuna ƙofa, ni ina daka a kansa, har aka yi girbi.