Kuturtar Gero a Gonar Baba

Shekarar da aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, ina koyarwa a Azare, Baba ya aiko daga Katagum in zo. Na same shi tsugune a gona da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Ya juya mini ganyen gero, bayansa fari fat kamar an barbaɗa gari. Zangarniyar da ta fito kuwa babu ƙwaya, sai wasu ganyayyaki a cukurkuɗe.

"Kuturta ce," ya ce. "Ta ci rabin gonar."

Irin nan tun na kakansa ne. Duk kaka da hannunsa yake zaɓar zangarniyoyi masu kyau ya adana a rumbu.

Na ƙunshi ganye da ɗan iri na kai wa maƙwabciyata a Azare, malamar gona ce 'yar kudancin Bauchi. A ofishinsu ta ɗora ganyen ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce in leƙa. Abin da na ɗauka gari ne, ashe wasu ƙananan rassa ne a tsaitsaye, kowanne ɗauke da ƙwayoyi. Ta ce idan suka fashe, 'ya'yan cikinsu kan yi iyo a cikin raɓa. In sun sami ganye sai su fitar da wani danƙo su manne, sannan su huda su shige. Wasu masu kaurin ɓawo kuma suna maƙale a jikin iri da cikin ƙasa, sai su yi shekara da shekaru suna jira.

"Malam, ka gaya wa Baba ya tuge masu cutar ya ƙona. Irin kuma ya haƙura da shi," in ji ta.

Na koma Katagum na faɗa masa. Ya sa aka kawo ƙwarya, ya wanke ragowar irin har sau uku, ya ɗebo a tafinsa ya miƙo mini.

"Duba. Ina abin yake?"

"Baba, ido ba ya ganinsa. Ruwa ma ba ya cire shi duka."

Kwana biyu muna tugewa. Ɗanyen kara ba ya cin wuta, sai hayaƙi, muna ta tari. Abin da muka girbe bai kai mu bazara ba. Irin kuwa Inna, mahaifiyata, ta daka ta yi fura. Da ta miƙa masa ya ce ya ƙoshi.

Da damina ta zagayo ya shuka wake a wurin. Kafin noman farko ƙafafunsa suka fara kumbura, ni na riƙa zuwa ranar Asabar ina ƙarasa masa.