Maharazu Ba Ya Kai Magana da Zafinta

Duk wanda ya ga Maharazu a tashar bas ta Catford zai ɗauka Turanci a bakinsa kamar ruwa, tunda ɗan Najeriya ne. Ina fa. Maƙwabcina ne, ni nake karanta masa wasiƙun kansul, wato ƙaramar hukumarmu. Daga Gaya ya fita yana saurayi, bai taɓa zama a ajin boko ba, ya yi shekara goma sha tara yana tsinkar tumatir a Almeriya ta ƙasar Sifen. Can ya samu takardu, can ya iya Sifaniyanci har yana mafarki da shi. Da ya iso Landan a 2019 sai ya koma kurma da furfurarsa.

Aiki ya samu a ɗakin wanki na wani otal a Marylebone, tare da wata dattijuwa 'yar Ekwado mai suna Cynthia. Ita ta koya masa injinan, ita take rufa masa asiri in ya tafi sallar azahar, ita kuma ta ja shi ajin koyon Turanci a Stratford duk Asabar. Aka jefa shi cikin masu jin Sifaniyanci, Bahaushe ɗaya tilo tsakanin 'yan Kolombiya.

Tun daga darasin siffanta mutum kansa ya fara ɗaurewa. Malamar ta ce kowa ya bayyana wani da jimla ɗaya, wadda za ta fara da "the man who". Maharazu ya ɗauko wanzamin garinsu, wanda ubansa ya zo daga Ringim, wanda ƙanwarsa ta auri mai gidan mai, wanda... Malama ta ɗaga hannu. Ya dawo gida yana tambayata, "Malam, wai a nan ana sanin mutum ba tare da asalinsa ba?"

Wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce darasin isar da maganar wani. Malama ta miƙa masa kati an rubuta cewa maigida ya ce: ka sake makara, na gaji da kai. Aikinsa ya faɗa wa aji abin da maigida ya ce. Ya miƙe ya gyara murya: "He said that he was worried about me."

Malamar ta ce ginin jimlar babu kuskure, amma ba haka mutumin ya faɗa ba. Ta ba shi wani katin, ya sake sanyaya shi. Sati uku ana wannan jan igiya, ita tana zaton bai gane katin ba, shi yana zaton tarbiyyarsa take gwadawa.

Ni na san inda gizo ke saƙa. Mahaifinsa ɗan aiken dagaci ne, shekara da shekaru yana kai saƙo tsakanin manoma da makiyaya. A aiko shi da zagi, ya isa da gaisuwa, kuma da haka aka zauna lafiya. A wajen Maharazu, kai magana yadda aka faɗe ta aikin annamimi ne. Na yi masa bayani har bakina ya bushe cewa darasi ne kawai. Ya ce to, irin "to" ɗin da Bahaushe ke yi don ka ƙyale shi.

Bara da kaka, shugabansu a ɗakin wanki ya tsaya a kan Cynthia saboda zannuwan gado sun makara. Ya kira ta tsohuwar jaka, ya ce ta koma ƙauyensu ta wanke masai. Ta ajiye aiki ta fita tana kuka. Otal ya ce ta bar bakin aiki ba izini, za a kore ta, sai fa in an tabbatar da zagin. Mutum ɗaya ne ya ji, shi ne Maharazu.

Otal ya kira shi ya ba da shaida. Kwana biyu yana shiri. Na ce ya maimaita mini abin da zai faɗa, ya ce in bar shi, ya san yadda zai gyara tsakaninsu. Nan ya kamata in farga, ban farga ba, kuma har yau abin yana cina.

Ranar zaman binciken, wata matar ofis ta tambaye shi me shugaban ya ce, kalma da kalma. Cynthia na gefe, shugaban na fuskantarsa. Maharazu ya ce mutumin ya ce ta gaji, gara ta je gida ta huta. Turancinsa bai taɓa fita sumul kamar ranar ba. Aka rubuta, ya sa hannu, ya fito yana jin ya kashe wuta. Bayan kwana huɗu aka sallami Cynthia.

Ya shigo falona ko zama bai yi ba. "Malam, ban gane ba. Na ɗauka in na sanyaya maganar, shi zai ji kunya ya ba ta haƙuri, ita ta dawo. Haka ake yi ai."

"A Gaya," na ce.

"To su me suke so da zagi a takarda?"

Muka rubuta wa otal wasiƙa da ainihin kalmomin. Suka amsa cewa an rufe maganar, shaidar da ya sa wa hannu ita ce shaida. Raina ya ɓaci da shi, kuma tausayinsa ya kama ni, don da zuciya ɗaya ya yi.

Da yammacin Lahadi ya kira ta a gabana. Ya daɗe yana magana da Sifaniyanci, hannu a ƙirji kamar tana ganinsa. Ita jimla ɗaya ta yi ta kashe waya.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

Ya buɗe baki, na ga alamar yana neman inda zai bi da maganar. Sai ya ajiye wayar a kan kujera.

"Ta ce ni maƙaryaci ne."