Sama'ilu Masinja a Cikin Injin Hoto

Sama'ilu Masinja, mutumin Roni, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙofar ofishin hakimi yana amsa kira. Ko akuya ce ta yi atishawa a bayansa, sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe." Da haka ya aurar da 'ya'ya, da haka ya yi ritaya. Ladabi dai ya samu wurin zama.

Bara tari ya kama shi ya ƙi saki. Likita a Kazaure ya ga wani duhu a huhunsa na dama, ya tura shi Kano a yi masa hoton MRI, don a san ko magani zai isa ko sai an yanka. Shi kuwa gwanin naku, ko askar wanzami ya gani sai ya runtse ido.

Ma'aikaciyar wurin, Bahijja, ta yi masa bayani: huhu yana motsi da kowane numfashi, in ya motsa hoton ya dagule. Aka zura shi cikin injin, wani dogon rami mai ƙara kamar injin niƙa. Ta koma bayan gilashi, ta yi magana ta lasifika.

"Baba, ja numfashi, ka riƙe."

"To, ranki ya daɗe!"

Hoto ya lalace.

"Baba, don Allah kada ka amsa."

"Ba zan amsa ba, ranki ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Ya sake lalacewa. Shi a tarbiyyarsa, mai ofis ba ta magana a yi mata shiru.

Bahijja ta fito ta sami matarsa Batulu. "Inna, mutane na jira. In wannan ma ya ƙi, sai dai likita ya buɗe ya gani da idonsa."

Batulu ta gyara mayafi. "'Yar nan, miƙo mini abin maganar. Duk duniya ni kaɗai ce ba ya amsa wa."

Ta kafa baki. "Malam! Ja numfashi. Yauwa. To gaya mini, wa ya ce ka bai wa ƙanenka buhun gerona?"

Tsit. Bawan Allah ya sandare, ko ƙirjinsa bai ɗaga ba. Hoto ya fito tas.

Likita ya duba ya ce magani zai isa, ba sai an yanka ba. Sama'ilu ya tsira daga wuƙa. Amma a motar komawa Roni an ce ya nemi gaba kusa da direba, ya bar Batulu a baya tana jiran amsarta.