Faifan Inna Sahura

Duk wanda ya taɓa rasa hotunan wayarsa a Dogondutsi ya san rumfar Faruku da ke bakin tasha. Dogo ne, marar yawan fara'a, wandonsa bai taɓa sauka kan idon sawu ba. Idan ka kawo masa wayar da ta faɗa ruwa, sai ya gama yi maka faɗa tas kafin ya taɓa ta. Amma yana da hannu. Aikinsa zuba wa mutane karatu da wa'azi a waya, da adana musu abin da suke tsoron ya salwanta: hotunan suna, takardun gona, har hotunan shanu da makiyayan Sukukutane ke kawowa saboda ranar da wata za ta ɓace.

Duk wannan amana a gida take kwana, cikin wata na'ura da ke ƙugi a kusurwar ɗakinsa. Shi yana ce mata sarber, matarsa Amira tana ce mata rumbu, kuma ta fi shi gaskiya. Tsohon akwatin ordinatar ne, wato kwamfuta, mai gurbi huɗu, amma Faruku ya cusa masa faifai shida, biyu a ɗaure da robar taya. Idan bazara ta kankama, akwatin kan yi zafin da ba a iya ɗora masa hannu. Bara ya haƙura, ya sa aka turo masa wani daga Yamai, mai aljihu goma sha biyu, wanda sai da ƙarti biyu suka sauko da shi daga kan mota.

Cikin faifan nan shida, biyar ne ke aiki. Na shida yana nan ɗaure da kusoshinsa huɗu, amma babu wayar da ke jone da shi, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka. Muryar mahaifiyarsa ce a ciki, babu ita a wani wuri kuma.

Inna Sahura mutuniyar Kiyeshe ce, mai kiɗan ƙwarya da waƙa a wasan bori. A bayanta Faruku ya fara jin duniya, tana kaɗawa yana barci. Ya yi lakwal, makarantar boko, har aji na tara, ya tafi Yamai koyon gyaran waya, ya dawo da sana'a da gemu da wani sabon sani wanda ya riƙe da gaske. A ganinsa abin da uwarsa ke yi hanya ce da ba ta dace da musulmi ba, ya kuma faɗa mata ba sau ɗaya ba. Ita kuwa sai ta ce to, ta tura masa ƙwaryar fura.

Da ciwo ya kwantar da ita, yayarsa Maimunatu ta tsare shi da kuka sai ya ɗauki muryar tsohuwar. Ya ɗauka. Kwana biyu ya ajiye rikoda a gefen tabarmarta, shi kuma ya koma ƙofar gida ya zauna don kada kunnensa ya ji. Bayan rasuwarta ya juye komai cikin faifai guda, ya goge rikodar, ya ɗaure faifan a akwati ya zare masa waya. Gogewa ta gagare shi, don uwa ce. Saurare ma ya gagare shi. Sai ya samo wannan dabara ta tsaka-tsaki, ya zauna a kanta yana ganin ya yi wayo. Duk shekara Maimunatu kan ce ya sa mata a waya, shi kuma ya ce sai ya samu sarari. Abin haushi, shi ne ke yi wa mutane ihu a rumfa cewa faifai ba ya son dogon kwanciya, a riƙa tashinsa lokaci-lokaci.

Ranar ƙaura zuwa sabon akwatin, bayan azahar, ya shimfiɗa farin zane a tsakiyar ɗaki ya jera kayan aiki. Ya kwance faifan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya manna masa takarda da lamba, ya zuba kusoshi a murfin kwano. Ana cikin haka Maimunatu ta yi sallama. Ta zo cin kasuwa ne, ta biyo ta gaida su Amira.

"Auta, mi kaka yi haka kamar mai fiɗa?"

"Sabon gida nika yi musu, Yaya. Wancan ya yi musu kaɗan."

Ta zauna bakin gado tana kallo. Ya ɗaura faifai na farko a aljihunsa, ya tura, ya ji ƙas. Haka na biyu, har na biyar. Ya kunna, fankoki suka tashi da ƙara, fitilu biyar suka yi kore. Ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa hannu ya ɗauko na shida.

A nan ne ya tsaya. Sabon akwatin ba irin tsohon ba ne, ba shi da wayoyin da mutum zai jona ko ya ƙi jonawa. A can ƙarshen kowane aljihu akwai bakin da ke jira, da ka tura faifai ya shiga wuta ke nan. Ya leƙa da tocila, ya zagaya baya, ya sake leƙawa. Babu yadda zai ba faifan nan masauki ya kuma hana shi magana. Ko dai ya tura shi ciki, ko ya bar shi waje cikin tarkacen caja da matattun batura.

"Wanga na Inna ne ko?" in ji Maimunatu. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya fuskar ƙaninta.

"Shi ne."

"To mi ya hana ka sa shi?"

"In na sa shi, tashi za ya yi."

"Sai ya tashi mana. Ba cewa anka yi ka yi rawa ba, Auta. Ni dai in ji ta ce wani abu, ko tari ne."

Ya daɗe riƙe da faifan. Abin da ya yi imani da shi yana nan, bai motsa ba. Amma ya tuna cewa cikin kwana biyun nan ba waƙa kaɗai aka yi ba. Ta yi hira, ta yi dariya, wataƙila ma ta kira sunansa yana can ƙofar gida yana kare kunnensa. Sai ya ji kewarta ta taso masa irin wadda bai ji ba ko ranar jana'iza. Ya yi bisimilla, ya tura.

Fitila ta shida ta kama. Faifan ya yi ɗan gurnani, ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru. Fitilar ta koma ja.

Faruku ya san wannan ƙara, ya sha jin ta a kayan mutane. Duk da haka ya zare, ya canja aljihu. Ya zare, ya kai tsohon akwati ya jona da waya. Ya kara a kunnensa, ya jijjiga a hankali, ya yi duk abin da yake hana mutane yi. Har aka kira la'asar yana durƙushe kan zanen, kuma amsar ba ta canja ba.

"Ya mutu, Yaya," ya ce, bai ɗago ba. "Ni na kashe shi da ajiya."

Maimunatu ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta gyara lulluɓinta kawai tana kallon jar fitilar.

Can ya ce, da muryar da ko Amira ba ta san shi da ita ba, "Wadda taka yi in tana goye da ni, kin tuna yadda taka farawa?"

Ta dube shi da mamaki. Sannan ta sa yatsu a katakon gado tana bugawa a hankali, ta ɗauko waƙar ƙasa-ƙasa. Baiti ɗaya, na biyu. A na uku kalmomin suka ƙare, ta ci gaba da amon kawai, shi ma ya tsinke. Ta koma farko ta sake tahowa, ta sake tsayawa a wuri guda.

"Daga nan ban sani ba," ta ce. "Ban riƙe ba, Auta. Cewa nika yi tana wurinka."