Ɗiban Wuta a Gidan Haya

Duk wanda ya zauna da Safara'u a Kwanyawa ta ƙasar Karaye zai gaya maka mace ce mai tsoro. Ba tsoron maciji ba, don ita muke kira in an ga kububuwa a gindin rumbu, ta zo da taɓarya ta gama da ita tana mita. Abin da take tsoro shi ne yadda ƙarshenta zai zo, kuma ba ta ɓoyewa. Ana cikin hira a bakin rijiya sai ta sako maganar, har mata su ce, "Ke dai Safara'u kin iya ɓata wa mutane hira."

Tsoron ya kama ta ne a daminar 1988, ranar da ciwon ƙaba ya taso wa mijinta Malam Shitu yana tsakar noma. Aka ɗora shi a amalanken shanu za a kai shi asibiti a Karaye, sai aka tarar rafi ya kawo, ba mai iya tsallakawa. Nan bakin ruwa aka zauna da shi. Rabin gari na tsaye a kansa, malamai na tofi, ƙanensa ya tallafe masa kai, shi kuwa yana murƙususu yana kiran sunan Allah, har zuwa la'asar ya cika. Safara'u takan ce ba ta taɓa ganin wanda ya mutu cikin gata irin nasa ba, kuma ba ta taɓa ganin gatan da bai tsinana komai ba irin wannan.

Ta ci gaba da zama a gidan tana sana'arta ta daddawa, har jiri ya fara ɗibarta in ta sunkuya. Ɗanta na fari, Lurwanu, wanda ba ta taɓa faɗar sunansa ba saboda alkunya, yana aiki a wata masaƙa a Funtuwa. Duk zuwan da zai yi maganar ɗaya ce.

"Inna, Funtuwa fa ba Kano ba ce da za ta haɗiye ki. Gari ne madaidaici. Ga famfo a tsakar gida, ga lantarki, asibiti kuwa da ƙafa za ki je."

"Har da damina?"

"Ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwalta ce har ƙofa."

Wannan kwaltar ce ta ci ta. Bayan girbin 1993 ta bar awakinta a hannun maƙwabta, ta ce za ta je ta gwada. In garin ya karɓe ta, ta zauna. In bai karɓe ta ba, kafin ruwan shuka tana gida.

Lurwanu ya kama mata ɗaki kusa da nasa a gidan hayar da yake zaune da matarsa Maijidda. Safara'u ta shiga auna garin kamar mai sayen hatsi, ta damƙi nan ta shinshina can. Washegarin zuwanta ta sa ya taka da ita har asibiti suka dawo, don ta riƙe hanya. Aka auna ta, aka ce hawan jini ne, aka ba ta ƙwayoyi, jirin ya lafa. Wannan ta sa shi a ɓangaren alheri. Injin niƙa a bakin layi ma ya burge ta, haka kasuwa, inda ta ci karo da mutanen Rogo, maƙwabtan Karaye, masu kawo rake har suka gaisa da sunan gida. Famfon da aka cika mata baki da shi kuwa sai ya ga dama yake kawowa. Banɗaki ɗaya ne ga gidan duka, tsohuwa da ita sai ta bi layi da buta a bayan samari. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gaisuwa. Mutum ya ce miki "ina kwana" yana tafiya, kafin ki tambayi iyali ya kai zaure.

A Kwanyawa ba a tashi a kunna ashana. Da safe mace takan ɗauki kasko ta shiga maƙwabta ta ɗebo garwashi, gobe su ma su shigo nata. Kowa ya san wutar ba ita ce kaɗai dalili ba. Ta haka ake sanin wa ya kwana lafiya, wa ke kwance, wane ɗaki ne bai buɗe ba. Safara'u kuwa da kaskonta ta zo cikin kaya. Safiyar farko ta bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya tana sallama tana neman wuta. Duk risho suke amfani da shi. Wata ta miƙo mata ashana ta bayan labule, wata ta yi dariya har da riƙe ciki.

Sai a ɗakin ƙarshe, can lungu, ta samu murhun gawayi yana ci. Mai ɗakin wata dattijuwa ce, Tani, mutuniyar Rogo Sabon Gari, mai soya ƙuliƙuli. Ɗanta direban babbar mota ne, in ya tafi kudu sai ya yi makonni.

"'Yar Karaye, da kasko kika zo birni?" in ji Tani. "Shigo, na daɗe ban ga mai hankali ba."

Daga ranar suka ƙulla. Kullum safe Safara'u ta je ɗiban wuta, su gaisa gaisuwa ta mutunci, su yi tsiya kan ko daddawar Karaye ta fi ta Rogo. Garwashin ma sau da yawa a hanya yake mutuwa, don Maijidda ta riga ta ɗora shayi a risho. Safara'u ta fara cewa garin nan da dama-dama.

Sai ƙarancin mai ya shigo. 'Yan haya suka shiga ɓoye jarkokin kananzir da na fetur a ɗakuna da bayan ƙofa. Mai gidan ya zo ya ga tsohuwa na ratsa tsakar gida da garwashi a buɗe, ya kira Lurwanu ya yi masa magana. Ni dai ban ga laifin mutumin ba, gidansa yake tsoron ya tashi.

Maijidda ce ta isar da saƙon, ta durƙusa tana sosa ƙeya. "Inna, don Allah ki yi haƙuri, an ce a bar yawo da wuta. Ki riƙa zuwa ku gaisa haka nan."

"Haka nan, hannu rabbana? In tsaya mata a ƙofa da sassafe kamar mai maula?"

Nan Safara'u ta yi kuskuren da sai ɗan ƙauyenmu zai gane. A wurinta ba a buga wa mutum ƙofa da sassafe ba dalili, kaskon shi ne dalilin. Da aka karɓe shi sai ta zauna a ɗaki tana fushi, tana jiran Tani ta fito su haɗu a bakin famfo.

Tani ba ta fito ba. Da Safara'u ta tambaya aka ce ai ta yi maganar wani biki a Rogo, ta yiwu ta tafi. Safara'u ta ji haushin tafiya ba sallama, ta haɗiye. Washegari ma shiru. Da rana ta yi sai ta kasa cin abinci. Ta tashi ta taka zuwa lungun, ta yi gyaran murya, ta tsaya tana kallon ƙofar. Ƙofar ƙarfe ce, ɗan Tani ya sa mata saboda ɓarayi, irin wadda Lurwanu ya sa wa uwarsa. Ba kwaɗo a jiki. Wanda ya yi tafiya ta waje yake kullewa, wannan kuwa ta ciki aka sa sakata.

Ta buga, ta kira, ba amsa. Mazan gidan duk suna wurin aiki, sai da aka nemo mai walda daga bakin titi. Duk lokacin da yake fama da ƙarfen Safara'u na zaune a ƙasa ta toshe hancinta da gefen mayafi, don ta riga ta sa a ranta abin da za a tarar.

Aka samu Tani a ƙasa tsakanin gado da murhu, ɓarin jikinta ya shanye, leɓɓanta sun tsage don ƙishirwa, amma idonta a buɗe. Aka sa ta a mota, kafin Safara'u ta gama ɗaura zani an kai asibiti. Aka ɗaura mata ruwa. Ta rayu.

Da bakin Tani ya ɗan saki, Safara'u ta je dubiya. Tani ta kama hannunta da hannun da ke motsi, maganar na fita da ƙyar.

"Ina jin komai, 'yar Karaye. Daka, kukan yara, rediyo. Na ji an ce na tafi biki. Na ji gyaran muryarki ma."

Safara'u ta dawo gida ta kwanta, ba don ciwo ba, don tsoro. Abincin kirki ya gagare ta. Ta riƙa juya abin a ranta yadda ta gaya mana daga baya: da a Kwanyawa ne, kafin rana ta fito an ga Tani, an taru a kanta, an ɗora ta a amalanke, sai kuma abin da rafi ya ce. A nan ta kwana biyu a ƙasa mutane na wucewa ta bakin ƙofarta, amma ga ta tana shan kunu. Can akwai mutane ba magani, nan akwai magani amma sai an gan ka. Ita kuwa ga hawan jini, ga ɗanta da ke kwana a masaƙa wani makon, ga Maijidda mai kunyar buga mata ƙofa.

Hadari ya fara haɗowa gabas, lokacin da ta ɗiba ya yi. Lurwanu ya ga yadda ta rame, ya shigo ya zauna a bakin tabarma.

"Inna, na ga garin nan bai karɓe ki ba. Ranar kasuwa zan nemi mota in mayar da ke gida."

"Ba mota nake so ba. Nemo min mai waldan nan."

"Me zai yi?"

"Ya cire ƙofar ɗakin nan. A rataya min asabari irin na gida. Awakina kuma ka aika a sayar."

"Inna, nan fa ba Kwanyawa ba ce. Ɓarayi na shiga gidaje. Ba kya tsoro?"

"Ina ji mana. Tun da na zo duniya ban taɓa jin tsoro irin na yanzu ba," in ji ta. "Amma ɓarawo in ya shigo, ai ya gan ni."

Ranar aka cire ƙofar aka jingine ta a zaure. A ɗakin nan Safara'u ta ƙarasa shekarunta, iska na kaɗa asabari, duk mai wucewa zuwa famfo yana hango ƙafafunta.